Ciwon Kai Mai Ɗaurewa: Ina Rabon Gado, Ina Rabon Wahala?

(Jawabin da aka gabatar a babban taron ƙungiya na shekara-shekara)



Gabatarwa

Muna miƙa godiya ga kwamitin shirya taro da ya ga dacewar ba mu wannan dama. A bisa al'ada, idan muka haɗu irin haka, zancenmu bai wuce na taki da hanya da ginin azuzuwa ba. Bana kwamiti ya nemi a taɓo batun lafiya, tun da masu iya magana sun ce lafiya uwar jiki. Saboda haka muka zaɓi ciwon da ya fi kowane ciwo yawa a cikinmu, kuma wanda aka fi rainawa, wato ciwon kai. Mu dai ba likitoci ba ne, alli da allo muka riƙe har muka ajiye aiki. To amma aikin malamin makaranta shi ne ya karanta abin da masana suka rubuta, ya sauko da shi yadda kowa zai ɗauka, kuma abin da za mu yi ƙoƙarin yi ke nan a yau.

Daga Funtuwa zuwa Bakori da Ɗanja, daga Malumfashi zuwa Ƙafur da Ƙanƙara, da wuya ka shiga gidan da ba za ka ji ɗaya daga cikin maganganu uku ba. Wani ya ce, "Ai ciwon kan gidanmu ne, haka tsohuwarmu ta yi ta fama." Wani ya ce, "Wahala ce kawai da zafin rana." Wani kuma ya rage murya ya ce, "Wannan da hannu a ciki." Tambayar da muke son amsawa ita ce: shin ana gadon ciwon kai? In ana gadonsa, wane rabo gado ya ɗauka, wane rabo kuma ya rage a hannunmu?

Wane ciwon kai muke nufi?

Ciwon kai iri-iri ne. Ƙungiyar masana ciwon kai ta duniya ta fara fitar da kundin rarrabe nau'o'insa a shekarar 1988, ta sabunta shi a 2004, ta kuma sake sabunta shi a 2018. Nau'in da muke magana a kansa shi ne wanda mai shi yake ji kamar an naɗa masa rawani an matse, ko an ɗora masa tulu a tsakar ka. Yakan kama ɓangarorin kai biyu, daga goshi zuwa ƙeya, wani lokaci har wuya da kafaɗu. Ba ya bugawa kamar ganga, ba ya zuwa da amai, kuma tafiya ko hawa matakala ba sa ƙara shi. Yakan ɗauki daga minti 30 har zuwa kwana 7. Mai shi yakan ci gaba da aikinsa, sai dai a daddafe. Wannan shi ne za mu riƙa kira ciwon kai mai ɗaurewa.

Ya bambanta da ciwon ɓarin kai, wanda yawanci gefe ɗaya yake kamawa, yana bugawa, yana tayar da zuciya, har sai mutum ya nemi ɗaki mai duhu ya kwanta. Ƙididdigar masana ta nuna cewa kusan mutum 1 cikin kowane 4 a duniya yana fama da ciwon kai mai ɗaurewa, kuma mata sun ɗan fi maza.

Masana sun kasa shi gida uku, kuma muna roƙon a riƙe wannan rabo da kyau, domin a kansa sauran bayanin zai hau. Na farko shi ne mai zuwa jefi-jefi, wanda bai kai kwana 1 a wata ba. Na biyu shi ne mai yawan dawowa, daga kwana 1 zuwa 14 a wata. Na uku shi ne wanda ya zaunu, wato kwana 15 ko fiye a kowane wata, har tsawon sama da wata 3.

Mene ne gado a ilmin kimiyya?

Bahaushe ya daɗe da sanin gado. Shi ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Manominmu ya san cewa damin da ya fi kyau shi ake ajiyewa don iri, makiyayi kuma ya san bajimin da zai bari a garke. Abin da kimiyya ta ƙara shi ne bayanin hanyar da gadon yake bi.

A shekarar 1866 wani masani a Turai mai suna Gregor Mendel ya wallafa sakamakon gwaje-gwajen da ya yi da wani nau'in wake, inda ya nuna cewa siffofi suna sauka daga iyaye zuwa 'ya'ya bisa ƙa'ida. A 1953 aka gano fasalin sinadarin DNA, wanda shi ne ke ɗauke da rubutun gado a cikin ƙwayoyin jiki. A 2003 kuma aka sanar da kammala babban aikin karanta wannan rubutu na ɗan Adam. An gano cewa kowannenmu yana da ƙwayoyin gado kimanin 20,000, jere a kan wasu zarurruka guda 46, rabi daga uwa, rabi daga uba. An kuma gano cewa duk mutum biyu da ka ɗauko a duniya, rubutunsu ya yi daidai da kimanin kashi 99.9 cikin 100. Ɗan abin da ya rage shi ne ake kira bambancin ƙwayoyin gado, kuma daga cikinsa ne wani yake fitowa dogo wani gajere, wani mai jure zafi wani mai saurin jin sa.

A nan akwai wani rabo mai muhimmanci. Wasu cututtuka ƙwayar gado guda ɗaya ce take kawo su. Misalin da duk muka sani shi ne sikila, wato amosanin jini: idan mai AS ya auri mai AS, to kowane ciki yana da damar 1 cikin 4 na zuwa da ɗa mai SS. Wannan lissafi ne tsayayye. Wasu larurori kuwa, kamar hawan jini da ciwon suga irin na manya, ƙwayoyi masu yawa ne kowace take ba da ɗan ƙaramin taimako, sannan yanayin rayuwa ya zo ya cika ko ya rage. Ciwon kai mai ɗaurewa yana cikin wannan rukuni na biyu.

Abin da bincike ya gano

Mafi yawan abin da aka sani game da gadon wannan ciwo ya fito ne daga ƙasar Danmak, inda suke da al'adar ajiye bayanan lafiyar jama'a da rajistar tagwaye ta shekaru masu yawa. Dabaru biyu suka yi amfani da su, kuma dukansu mai hankali zai fahimta ko bai shiga aji ba.

Dabara ta farko ita ce kwatanta dangi na jini da abokan aure. A shekarar 1997 wasu likitoci a birnin Kofenhagen, cikinsu har da Michael Russell da Farfesa Jes Olesen, suka wallafa bincike a mujallar likitoci ta Birtaniya. Sun ɗauki masu fama da ciwon kai mai ɗaurewa irin wanda ya zaunu, suka bincika iyayensu da 'yan'uwansu da 'ya'yansu, sannan suka bincika mazajensu ko matansu. Hikimar ita ce, miji da mata suna zaune gida ɗaya, suna cin tuwo ɗaya, damuwarsu ɗaya, amma jininsu daban. Da a ce zaman gida ne kawai yake kawo ciwon, da abokin aure ma ya kamu. Sai aka tarar dangi na jini sun fi sauran jama'a haɗarin kamuwa da kusan ninki 3, alhali abokan aure ba su fi kowa haɗari ba.

Dabara ta biyu ita ce ta tagwaye. Mun san akwai Hassan da Husaini da ko uwarsu sai ta duba da kyau take rarrabe su, akwai kuma waɗanda kamarsu ba ta wuce ta wa da ƙane ba. Na farko daga ƙwai ɗaya suka fito, ƙwayoyin gadonsu iri ɗaya ne. Na biyu daga ƙwai biyu suke, kimanin rabi suka haɗa. Idan ciwo ya fi kama tagwayen ƙwai ɗaya su biyun tare, fiye da yadda yake kama tagwayen ƙwai biyu, to alama ce ta hannun gado. A 2006 Russell da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon bincike a kan tagwaye 11,199, kowane da ɗan'uwansa. Sun gano cewa ciwon kai mai zuwa jefi-jefi yawanci yanayin rayuwa ne yake kawo shi, amma mai yawan dawowa akwai hannun gado a cikinsa. Sauran binciken tagwaye da aka yi a can sun bambanta wajen auna girman rabon gadon, sai dai ba su kai shi rabi ba.

Idan muka haɗa waɗannan, darasin a fili yake. Ciwon kan da yake zuwa wa kowa sau ɗaya a watanni, bayan yinin kasuwa ko daren biki, wannan kayan duniya ne. Amma gwargwadon yadda ciwon yake yawan dawowa ko ya zaunu, gwargwadon yadda ake ganin sawun gado a cikinsa. Duk da haka, ko a inda gadon ya fi ƙarfi, akwai babban rabo da ya rage a hannun yanayin rayuwa.

Masana sun kuma shiga neman ƙwayoyin da abin ya shafa ɗaya bayan ɗaya. Sun duba wadda take kula da zirga-zirgar sinadarin serotonin a ƙwaƙwalwa, da wata da ake kira COMT, wadda take sarrafa wasu sinadarai masu alaƙa da jin zafi da tashin hankali. Sakamakon ya saɓa wa juna daga wannan ƙasa zuwa waccan. A ɓangaren ciwon ɓarin kai an yi nisa sosai, domin wani babban bincike na 2022 ya nuna wurare 123 a cikin rubutun gado masu alaƙa da shi. A ciwon kai mai ɗaurewa kuwa, babu wata ƙwaya guda da aka kama aka ce ita ce, kuma babu gwajin jinin da asibiti zai yi maka ya ce kana da shi. Likita yana gane shi ne ta hanyar tambayoyi da duba jiki.

Iri da ƙasa

To me ake gada ke nan? Abin da ake gada shi ne saurin kamuwa. Masu irin wannan ciwo sau da yawa naman wuyansu da na gefen kansu yana da tsami idan aka danna. Idan saƙon zafi ya daɗe yana tafiya daga waɗannan wurare zuwa ƙwaƙwalwa, hanyoyin da suke kai saƙon sukan zama masu saurin amsawa, har abin da bai kai ya yi zafi ba ya koma yana zafi. Ta haka ciwon jefi-jefi yake rikiɗa ya zaunu. Mutane sun bambanta wajen saurin faɗawa wannan hali, kuma a nan ne ake kyautata zaton bambancin ƙwayoyin gado yake aiki.

Mu manoma ne, bari mu kawo misali daga gona. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru tana fitar da irin masara da ake kira SAMMAZ da irin auduga da ake kira SAMCOT. Kowane iri da halinsa: wani yana jure ƙarancin ruwa, wani da an yi kwana goma babu ruwa sai ya fara naɗe ganye. Amma irin da ba ya jure fari, idan ya samu ƙasa mai riƙe laima da taki da noma a kan lokaci, sai ya cika rumbu. Wanda yake jurewa kuma, idan aka jefa shi a kan tsakuwa aka bar wa ciyawa, sai ya kunyata mai shi. Haka jikin ɗan Adam yake. Ba mu da ikon zaɓen irin da aka shuka mu da shi, amma gyaran ƙasa yana hannunmu.

Mece ce ƙasar a nan? Mu dubi rayuwarmu. Manomi yana duƙe a kan fartanya tun hantsi har azahar a lokacin noman farko da maimai. Mata da yara suna tsinkar auduga da ɓarzar masara wuya a sunkuye. 'Yan dako a kasuwar hatsi ta Ɗandume suna ɗora buhu a ka da ƙeya. Direbobin manyan motoci da suke ratsa Funtuwa zuwa Gusau da Sakkwato suna kwana a kan sitiyari. Tela yana kan keke har tsakar dare idan salla ta gabato. Ga ƙarancin shan ruwa a watannin Maris da Afrilu, ga tsallake karin kumallo, ga ƙarancin barci. Wanda ya saba da goro ko shayi mai ƙarfi, ranar da bai samu ba kansa yakan sara, abin da da yawa suke gani a kwanakin farko na azumi. Sannan ga uwa uba, damuwa: bashin taki, faɗuwar farashi bayan girbi, da fargabar da rashin tsaro ya jefa mutanen Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara a ciki, wadda ta kai ga sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020. Wanda ya yi shekaru yana barci da kunne ɗaya a buɗe, ba abin mamaki ba ne wuyansa ya ƙage. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Gado shi ne tsagar, wahala ita ce ƙadangaren.

Abubuwa uku da wannan ilmi ya kamata ya gyara mana

Na farko shi ne zargi. Idan uwa tana ciwon kai, 'yarta ma tana yi, kishiya kuma lafiya lau, sai ka ji an fara kallon kishiya. Alhali abin da binciken Danmak ya nuna ke nan: ciwon yana bin jini, yana tsallake wanda ake zaune da shi. Gidaje nawa ne suka rabu a kan zargin jifa ko sammu, a kan abin da bayaninsa yake a sarari?

Na biyu shi ne aure. Muna goyon bayan gwajin jini kafin aure saboda sikila, domin a can lissafin tabbatacce ne. Amma kada a ɗauki wannan ma'auni a ɗora wa ciwon kai. Babu dalilin fasa neman yarinya don an ce gidansu ana ciwon kai. 'Ya'yan mai wannan ciwo da yawa ba sa yin sa ko kaɗan.

Na uku, wanda ya fi damunmu, shi ne sallamawa. Da mutum ya ce gado ne, sai ya yanke ƙauna daga neman sauƙi, ya koma wa kemis da masu tallar magani a faranti. Masana sun tabbatar da cewa shan maganin kashe zafi irin su farasitamol da asfirin har kwana 15 ko fiye a wata, na tsawon watanni, shi kansa yana haifar da wani ciwon kai na daban. Magungunan da aka gauraya da wasu sinadarai, da masu sa maye irin su taramol da kodin, kwana 10 a wata ya isa su yi wannan ɓarna. Mutum yana sha don kai ya lafa, maganin yana dawo da ciwon, shi kuma yana ƙara sha. Gwamnatin Tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayu na 2018, amma kowa ya san yadda taramol ya shiga cikin matasa 'yan ƙwadago da sunan ƙarin ƙarfi. Wanda gidansu ake da wannan ciwo shi ya fi kowa bukatar kiyayewa, domin shi ne zai fi yawan miƙa hannu ga ƙwaya. Ga wanda ciwonsa ya zaunu, akwai maganin rigakafi da likita yake rubutawa, kamar amitiriftilin, wanda ake sha kaɗan da dare. Wannan sai da umarnin likita.

Ciwon kan da ba a jira da shi

Kada kalmar gado ta rufe mana ido daga ciwon kai mai haɗari. A garzaya asibiti idan ciwon ya faɗo farat ɗaya da tsananin da ba a taɓa ji ba. Idan ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, domin waɗanda suka ga annobar sanƙarau ta 1996 ba sa bukatar a tuna musu. Idan mai juna biyu ce, musamman in ga kumburi ko gani dishi-dishi, domin yana iya zama share fagen jijjiga. Idan ya biyo bayan faɗuwa daga babur ko buguwa a ka. Idan ya zo da mutuwar ɓarin jiki, ko karkacewar baki, ko ruɗewa. Ko kuma idan sabon ciwo ne ga wanda ya haura shekara 50. Haka nan wanda kansa ya sara bayan feshin maganin ƙwari ko na ciyawa, ko bayan kwana kusa da hayaƙin janareta, ya nemi taimako da gaggawa. Manyan asibitocin Funtuwa da Malumfashi suna kusa, asibitin koyarwa na Shika ma ba shi da nisa.

Shawarwari ga ƙungiya

Na ɗaya, kowane mai yawan ciwon kai ya sami ɗan littafi ya riƙa rubuta ranar da ya zo, da abin da ya yi a ranar, da maganin da ya sha. Wanda bai iya rubutu ba ɗansa ɗan firamare ya rubuta masa, ko a yi da ajami. Wata biyu ya isa likita ya ga ko jefi-jefi ne, ko mai dawowa, ko zaunanne. A kuma gaya wa likita waɗanda suke da irinsa a dangi.

Na biyu, muna kira ga 'yan'uwanmu malaman makaranta. Yaron da yake yawan kifa kai a kan tebur kada a yi saurin kiransa malalaci. A tambaya ko ya karya kumallo, ko yana ganin allo sosai, ko yana samun barci, ko akwai mai irin ciwon a gidansu.

Na uku, ƙungiya ta riƙa gayyatar 'ya'yanta likitoci da ma'aikatan jinya su ware rana guda a lokacin wannan taro don awon hawan jini da duba ido da wayar da kai a kan shan magani barkatai.

Na huɗu, kira ne ga 'ya'yanmu da suke jami'o'i. Binciken da muka ambata a kan Turawa aka yi shi, alhali masana sun tabbatar da cewa mutanen Afirka sun fi na kowace nahiya yawan bambancin ƙwayoyin gado. Ga shi kuma muna da auren zumunta, da manyan gidaje masu 'yan uba da 'yan ɗaki ɗaya a tukunya guda, abin da zai ba mai bincike damar rarrabe rabon jini da rabon zama. Yankinmu ba baƙo ba ne ga irin wannan aiki. A shekarun 1970 an gudanar da shahararren shirin binciken cututtuka na Malumfashi, da haɗin gwiwar Jami'ar Ahmadu Bello da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful a Ingila, inda aka yi nazarin tsargiya da zazzaɓin cizon sauro, har sunan Malumfashi ya shiga mujallun likitoci na duniya. Abin da baƙi suka zo suka yi jiya, 'ya'yan gida za su iya yin sa yau.

Kammalawa

Jama'a, amsar tambayarmu ita ce: gado yana da hannu a ciwon kai mai ɗaurewa, musamman mai yawan dawowa da wanda ya zaunu, amma abin da ake gada saurin kamuwa ne, sauran kuma yana ga ruwan da muke sha, da barcin da muke yi, da nauyin da muke ɗora wa wuya da zuciya, da ƙwayar da muke haɗiya. Wanda ya san gidansu ana yi, ya zama kamar manomin da ya san irinsa ba ya jure fari: ya shuka da wuri, ya gyara kunya, ya kula da gonarsa fiye da maƙwabcinsa. Rigakafi dai ya fi magani.

 Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya zaunar da yankinmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya.